Abokan Wasa A Ƙasar Turawa: Tarihin Barkwancin Mutanen Birtaniya Da Ailan

Yawancinmu in mun ga Bature yana magana da Turanci sai mu ce Ingilishi ne, mu wuce. To, ku 'yan makaranta, ku yi hattara da wannan, gama in kun faɗa wa mutumin Sikotlan haka ba zai gode muku ba. Tsibiran nan biyu manya, watau Birtaniya da Ailan, al'ummai huɗu ne a cikinsu: Ingilishi, da mutanen Sikotlan, da na Wels, da na Ailan. Har ma waɗansu daga cikin Turawan da ku ke karanta labarinsu cikin tarihin ƙasarmu ba Ingilishi ba ne. Mungo Park, wanda ya halaka a Busa cikin 1806, mutumin Sikotlan ne. Haka Clapperton, wanda ya iso Kano da Sakkwato cikin 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Haka kuma Likita Baikie na Lakwaja.

In biyu daga cikinsu suka haɗu a jirgin ƙasa, da zancen sama su kan buɗe hira, ko za a yi ruwa, ko an ga rana jiya, kamar yadda mu mu kan fara da tambayar gida da gajiya. Amma kafin a gama wannan kowa ya riga ya auna harshen ɗan'uwansa ya san inda ya fito. Daga nan sai tsiya ta tashi. Mutumin arewacin Ingila ya kan kira abincin dare “shayi”, na kudu ya yi masa dariya. Na arewa kuwa ya ce 'yan kudu ragwaye ne, ba su jure sanyi, ba su kuma gai da maƙwabci. Akwai larduna biyu maƙwabtan juna, Debon da Konwal, da ba su taɓa shiryawa ba a kan wani ɗan burodi da a ke ci da shayi: waɗannan sun ce man saman madara a ke fara shafawa sa'an nan maɗi, waɗancan sun ce a'a, maɗi ne farko. Baƙo ya ji dattawa suna jayayya a kan wannan sai ya ce ba su da aikin yi. Wanda ya san yadda Bakano da Bazazzagi su ke yi in sun haɗu, ko Bafillace da Babarbare, ba zai yi mamaki ba. Da wasa a ke faɗa wa wawa magana, kuma galibin wasannin nan nasu in an tona gindinsu sai a tarad da yaƙi.

Ku dubi Yokshiya da Lankashiya, larduna biyu na arewacin Ingila waɗanda jerin tuddai ya raba. Alamar Yokshiya farin furen wardi, ta Lankashiya ja. Asalin furannin nan wata gaba ce ta 'yan sarki. Daga 1455 zuwa 1485 gidaje biyu na zuriya ɗaya, gidan Yok da gidan Lankasta, suka yi ta kashe juna a kan gadon sarautar Ingila. A Towton, cikin 1461, an yi wuni ana gwabzawa ƙanƙara tana zuba, har masu tarihi suna lissafa ranar cikin mafiya zubar da jini da aka taɓa yi a ƙasar. Aka ƙare a Bosworth cikin 1485, inda aka kashe Sarki Richard na Uku, na gidan Yok. Henry Tudor da ya ci nasara ya yi dabarar manya: ya auri Elizabeth, 'yar gidan Yok, aka haɗa furen nan ja da fari suka zama tambari ɗaya.

Abin dariya a nan shi ne, yaƙin ba na larduna ba ne ko kaɗan. Sunayen sarautu ne kurum. Manyan Yokshiya da yawa a bayan gidan Lankasta suka yi yaƙi, gidan Yok kuwa ƙarfinsa mai yawa yana kudu ne da kan iyakar Wels. Amma jikoki ba su damu da wannan ba. Sun sami dalilin tsokanar maƙwabta, sun riƙe. Tun 1867 lardunan biyu su ke karawa a wasan kurket, ana kiran karawar da sunan furanni. Mutanen Yokshiya sun kai ga ba su yarda wanda ba a haifa a lardinsu ba ya yi musu wasa, ba su sake wannan ka'ida ba sai 1992, sa'ad da suka ɗauki wani saurayi Ba'indiye, Sachin Tendulkar. Cikin 2012 kuma aka tono ƙasusuwan Sarki Richard ƙarƙashin wani wurin ajiye motoci a birnin Lesta. Nan da nan gardama ta tashi, waɗansu suka ce a Yok ya kamata a binne shi. Aka je har gaban alƙalai, aka ba Lesta gaskiya, aka yi masa jana'iza a can cikin 2015, shekara 530 bayan mutuwarsa. Ba wanda ya zare takobi. Takardun ƙara da baƙar magana a jarida, iyakar abin ke nan.

Tsakanin Ingila da Sikotlan abin ya fi haka nauyi, domin ƙasashe biyu ne, kowace da sarkinta, sun kuwa daɗe suna yaƙi. Cikin 1296 Sarki Edward na Ɗaya ya kwashe wani dutse da a ke naɗa sarakunan Sikotlan a kansa, ya kai Landan, ya sa aka ajiye shi ƙarƙashin kujerar da a ke naɗa sarakunan Ingila. Ko makaho ya ga abin da ya ke nufi. Mutanen Sikotlan suka rama a Bannockburn cikin 1314, inda Robert Bruce ya fatattaki rundunar Ingila. Daga baya abin da takobi ya kasa sai gado ya yi shi: Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta rasu ba ta bar ɗa ba cikin 1603, sarautar Ingila ta faɗa hannun James, Sarkin Sikotlan. Cikin 1707 aka haɗa majalisun ƙasashen biyu suka zama ɗaya.

Ku lura da sharaɗin haɗin nan, don a ganina shi ne kan zancen. Mutanen Sikotlan ba su shiga hannu sake ba. Sun riƙe shari'arsu da kotunansu da ɗarikar addininsu. Ko da shi ke da yawa cikin talakawa ba su so haɗin ba, har aka yi tarzoma a Edinbara da Gilasgo, duk da haka ciniki aka yi, kowa ya san abin da ya bayar da abin da ya karɓa. Har yanzu bankunansu suna buga takardun kuɗi nasu na kansu, kuma in ɗan Sikotlan ya miƙa irinta a wani kanti a Ingila, mai kanti ya tsaya yana jujjuya ta, to, an sami abin hira na mako guda.

Ba a rasa ɗaci ba. Bayan da aka murƙushe tawayen mutanen tuddai a Culloden cikin 1746, aka yi doka ta hana su ɗaura zanen nan nasu mai gidan dara wanda maza ke ɗaurawa zuwa gwiwa. Aka soke dokar cikin 1782. Shekara 40 bayan haka, cikin 1822, sai ga Sarki George na Huɗu da kansa ya zo Edinbara ɗaure da shi! Ingilishi sun daɗe suna yi musu gori da rowa, da kuma cin wani hatsi mai suna ot wanda su a wurinsu abincin doki ne. Har wani babban malaminsu, Samuel Johnson, ya cusa gorin nan cikin ƙamus ɗinsa na 1755. Mutanen Sikotlan su kan amsa da cewa a je a gwada, a ga ƙasar da ta fi ƙarfafan maza. Karawar farko ta ƙwallon ƙafa tsakanin ƙasa da ƙasa a duniya su biyu suka yi ta, a Gilasgo cikin 1872, aka tashi ba wanda ya ci.

Dutsen nan fa? Ran Kirsimeti na 1950 'yan makaranta huɗu na Jami'ar Gilasgo suka shiga majami'ar Westminster da dare suka ɗauke shi, dutse mai nauyin fiye da kilo 150, har ya rabe biyu a hannunsu. Bayan 'yan watanni aka same shi an ajiye a wata tsohuwar majami'a a Sikotlan, aka komo da shi Landan. Hukuma ta ga in ta kai su gaban shari'a ita za a yi wa dariya, ta ƙyale su. Cikin 1996 aka mayar da dutsen Sikotlan a kan za a riƙa aro in za a naɗa sabon sarki, haka kuwa aka yi cikin 2023. Cikin 2014 aka tambayi mutanen ƙasar ko suna so su ware, kashi 55 cikin 100 suka ce a'a, 45 suka ce i. Da ƙuri'a aka yi wannan, ba da bindiga ba.

Mutanen Wels, waɗanda Edward ɗin nan ya ci ƙasarsu cikin 1283, da harshe suka tsare kansu. Sunan da Ingilishi suka laƙa musu ma'anarsa ta asali “baƙi”, alhali kuwa kakanninsu sun riga Ingilishi zama a tsibirin. Su kuwa suna kiran kansu da wani suna mai nufin 'yan ƙasa ɗaya. An juya musu Littafi Mai Tsarki cikin harshensu tun 1588, wannan ya taimaki harshen ƙwarai. Amma cikin ƙarni na 19 a waɗansu makarantu, yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa a kan rataya masa wani guntun katako a wuya. In ya ji wani ya yi, sai ya miƙa masa. Wanda aka tashi makaranta katakon yana wuyansa shi zai sha hukunci. Ba dokar gwamnati ba ce, iyaye da yawa ma sun so 'ya'yansu su iya Turanci don su sami aiki. Duk da haka harshen bai mutu ba. Fiye da mutum rabin miliyan suna magana da shi, ana rubuta shi a allunan hanya tare da Turanci, kowace shekara kuma suna taron mawaƙa inda a ke ba gwani kyautar kujera.

Sai Ailan, inda mai hankali ya kan tauna magana kafin ya yi wasa. A nan ba ciniki aka yi irin na 1707 ba. Tun 1169 mayaƙa suka fara ƙetarowa daga Birtaniya. Daga 1609 aka ƙwace gonakin arewacin tsibirin aka zaunar da baƙi 'yan Furotesta daga Ingila da Sikotlan, alhali 'yan ƙasa Katolika ne. Aka haɗa Ailan da Birtaniya cikin 1801, amma ba a yarda ɗan Katolika ya zauna a majalisa ba sai 1829. Daga 1845 ciwo ya faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne tuwon talakawansu. Cikin 'yan shekaru wajen mutum miliyan ɗaya suka mutu da yunwa da cuta, wajen miliyan ɗaya kuma suka yi ƙaura, ana cikin haka jiragen ruwa suna fita da hatsi da dabbobi daga tashoshin ƙasar. Saboda haka in Ba'ingilishe ya tsokani ɗan Ailan da dankali, ba daidai ya ke da tsokanar ɗan Sikotlan da hatsin doki ba.

Bayan tawayen 1916 da yaƙin da ya biyo, aka raba tsibirin: larduna 26 suka sami mulkin kansu cikin 1922, 6 na arewa suka zauna tare da Birtaniya. A arewan nan aka yi kusan shekara 30 ana tashin hankali, mutum wajen 3,500 suka rasu, kafin sulhun 1998. A lokacin, tambayoyin nan na hira da ba su da laifi ko'ina, mene ne sunanka, wace makaranta ka yi, suna iya tona ɓangaren mutum. Ko yadda ya ke faɗin sunan harafin H ya isa. Akwai wani birni da har yau sunansa biyu: wani ya ce Deri, wani ya ce Landanderi, don an ƙara masa sunan Landan cikin 1613, kuma duk wanda ka faɗa an san inda ka dosa.

Kada ku ɗauka mutanen Ailan ba su wasa. A tsakaninsu sun fi kowa. Mutanen Kok su kan ce garinsu ne babban birni na ainihi, Dabilin suna kurum ta ke da shi. Suna da wasanni nasu na gargajiya waɗanda suka kafa wa ƙungiya cikin 1884, kowa lardinsu ya ke yi wa wasa, ba a biyansa albashi. Babban filin wasannin nan yana Dabilin, sunansa Croke Park. Ran 21 ga Nuwamba 1920, da safe 'yan tawaye suka kashe waɗansu mutane da su ke zargi da leƙen asiri don Birtaniya. Da rana 'yan sanda da dakarun gwamnati suka zo filin ana cikin wasa, suka buɗe wuta. Mutum 14 suka mutu, har da yara da ɗan wasa ɗaya, Michael Hogan, wanda aka sa wa wata rumfar filin sunansa.

Shekara da shekaru ba a yarda a yi wasannin Ingilishi a filin nan ba. Cikin 2005 ƙungiyar ta sassauta, don ana shirin sāke gina filin da a ke ƙwallon zari-ruga. Ran 24 ga Fabrairu 2007 sai ga 'yan wasan Ingila sun jeru a Croke Park, ga kuma al'ada ta ce sai an rera taken ƙasar baƙi kafin a fara. An yi makonni ana fargabar abin da zai faru. Da aka fara taken, mutum fiye da dubu 80 suka tsaya, ba wanda ya yi ihu, da aka gama aka tafa. Sa'an nan aka shiga fili, Ailan ta ci Ingila 43 da 13.