Daga Majigi Zuwa Keken Tela

Tun cikin shekarun 1950, lokacin da 'yan kasuwar Labanan suka fara haska finafinan Indiya a sinimomin Arewa, 'yan kallo ke komawa gida da sha'awar tufafin da suka gani. Duk da haka sari bai taɓa zama suturar Bahaushiya ba.

Garuruwa irin su Jega, Aliero da Maiyama sun fi samun rabonsu ta kaset ɗin bidiyo. Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, shekara guda kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi. Sangaya ya biyo baya a 1999 da waƙoƙinsa da raye-rayensa. Wannan karon jarumar Bahaushiya ce, kuma atamfa da leshi take sawa, don haka kwaikwayonta ya zo da sauƙi. Budurwa ta fara zuwa wurin tela da sunan fim a bakinta. Yau hoton waya take miƙa masa, daga Labarina ko Daɗin Kowa.

Sai dai rigar fim don kyamara aka ɗinka ta. Rigar gida kuwa za ta hau babur zuwa kasuwar Jega, ta sha rana, ta durƙusa gaban suruka. Shi ya sa tela ke ƙara tsawon hannu, ya rufe wuya, ya saki ƙugu. Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, amma a nan almakashin tela ne ke tacewa. Idan ya kuskure, sunan yarinyar ake yawo da shi a unguwa, ba na jarumar ba.