Tutar da ba a ɗaga ba

Duk wanda ya yi wasan makaranta a cikinmu, a Kaura Namoda ne ko Shinkafi ko Zurmi, ya san yadda ake yi: malami ɗaya da usur a tsakiyar fili, wani a bakin layi da tuta. Ƙwallo ta shiga raga, yara na ihu an taɓa da hannu, malaman biyu kowa na kallon ɗan uwansa. Irin wannan kallon-kallon ne tarihinmu na wannan mako.

Ranar 22 ga Yuni, 1986, a filin Azteca da ke birnin Meziko, Ajantina ta kara da Ingila a Gasar Kofin Duniya. A minti na 51 Maradona ya yi tsalle tare da mai tsaron gida Peter Shilton, ya tura ƙwallo raga da hannun hagu. Alƙalin wasa Ali Bin Nasser, ɗan Tunusiya, ya ba da ci. Mataimakinsa Bogdan Dochev, ɗan Bulgeriya, tutarsa na ƙasa. Ajantina ta ci 2 da 1.

Bin Nasser ya ce shi bai ga hannun ba. Ya waiwayi Dochev, wanda ya fi shi ganin wurin, ya ga bai yi motsi ba, kuma umarnin FIFA shi ne a bi wanda ya fi kyakkyawar matsaya. Dochev kuwa ya ce tun a take ya ji akwai lauje cikin naɗi, amma a zamanin ba a yarda mataimaki ya yi musu da hukuncin alƙali ba.

A nan mu marubuta muke yawan zamewa. Sai mu yi saurin zaɓar mugu, don labari ya yi daɗi. Mu dai a ganinmu uzurin Dochev ya fi rauni, tunda ba don ado aka ba shi tutar ba. Amma ku lura, kowanensu da doka ya kare kansa, kuma kowa na jiran ɗaya ya fara motsi. Da tsoro aka yi hukuncin nan, cikin daƙiƙu kaɗan, gaban mutum sama da dubu ɗari.

A 2015 Maradona ya ziyarci Bin Nasser a Tunusiya, ya ba shi riga da sa hannunsa. Dochev ya rasu a 2017, bayan shekara 31 yana amsa tambaya a kan tutar nan.