Nawa Ne Girman Ƙwaƙwalwar Wannan Kwamfuta?

Mu da muke rubuta manhajar girkawa, wadda ke zaunar da wata manhaja cikin kwamfuta, da tambaya ɗaya muke fara aiki: ƙwaƙwalwar na'urar nan za ta ɗauka ko ba za ta ɗauka ba? Sama da shekara 40 ke nan amsarta tana ba mu wahala, domin kowane zamani yakan sassaƙa mudunsa daidai da hatsin da ya gani a gabansa.

Da IBM ya fitar da kwamfutarsa ta PC a 1981, sai a tambayi BIOS, wato manhajar da ke tayar da na'ura, ta hanyar kiran INT 12h, ta faɗi adadin kilobait, wanda iyakarsa 640. A 1984 samfurin AT na IBM ya zo da ikon ɗaukar ƙwaƙwalwa sama da megabait 1, aka ƙaro kiran INT 15h mai lamba 88h. Gurbin amsarsa bit 16 ne kacal, don haka ba ya iya faɗin abin da ya haura megabait 64. Daga baya masu amfani da Linux sun sha rubuta mem=128M da hannunsu kafin na'ura ta ga abin da ke cikinta. Sai da kiran E820 ya zo aka samu sauƙi, domin shi taswira yake bayarwa: nan fili ne, nan kuma an keɓe, kada a taɓa.

A Windows ma haka aka yi ta fama. Kiran GlobalMemoryStatus lissafin bit 32 yake yi, ba ya ƙirga abin da ya wuce gigabait 4. Wasu manhajojin girkawa kuma sun adana amsar a gurbin da ke ɗaukar lambobin ƙasa da sifili, sai gigabait 2 ya juye ya zama bashi. Mutum ya kashe kuɗinsa ya ƙara ƙwaƙwalwa, allo ya ce masa ba ta isa ba! Windows 2000 ya kawo GlobalMemoryStatusEx ya toshe wannan ɓarakar.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na'ura mai megabait 512 da ke nuna 504, saboda sashen hoto ya yanki 8. Mai manhaja ya gindaya sharaɗin 512 cif, sai a rufe wa na'urar ƙofa alhali ta cancanta. Wanda bai da halin sayen babbar kwamfuta shi ya fi shan wannan wulaƙanci. A 2008, da sabuntawar farko ta Windows Vista, aka samu kiran da ke karanto ainihin abin da aka soka a allon na'ura daga teburin SMBIOS.

Shi ya sa nake roƙon matasan da ke shigowa sana'ar: ku ajiye amsar a gurbi mai bit 64, ku bar rara a ƙasan sharaɗinku, in kuma ƙwaƙwalwa ta gaza ku gargaɗi mai na'ura, ku bar masa zaɓi. Shi ya san abin da ya saya, shi ya san aikin da zai yi da shi.