Asalin Shakkar da Ake Yi wa Masu Da'awar 'Yancin Kasuwa

Manomin Dagumawa da ke kai sansa kasuwar Wudil ranar Juma'a domin ya sami kuɗin taki, idan ya ji wani masani yana cewa a rediyo maslahar talaka ita ce hukuma ta tsame hannunta daga kasuwa, yakan tambayi wanda ke ciyar da mai maganar tun kafin ya auna hujjarsa, kamar yadda malaman hadisi suke bin isnadi kafin su karɓi ruwaya.

Wannan da'awa tana da silsila. A 1947 Friedrich Hayek ya tara masana a Mont Pelerin ta ƙasar Suwizalan; a 1955 Antony Fisher, wanda ya yi arziki da kiwon kaji, ya kafa Institute of Economic Affairs a Landan, cibiyar da daga baya aka gano tana karɓar kuɗin kamfanonin taba; a 1977 aka kafa cibiyar Cato a Amurka da dukiyar attajiri Charles Koch; sa'an nan a 1981 Fisher ya kafa cibiyar Atlas domin irin waɗannan cibiyoyi su yaɗu a duniya.

Mu kuwa aƙidar ta iso mana ne ta hannun IMF da Bankin Duniya. Bayan da Janar Babangida ya buɗe muhawara a 1985, jama'a suka ƙi bashin IMF, shi kuma ya ce ya ji, sai ga shi a 1986 ya ɗauko yawancin sharuɗɗan bashin ya sa musu suna SAP, aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen gyada da auduga, taki ya yi ta tsada. A shekarar nan ce Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya wallafa littafinsa na adawa da IMF.

Haƙiƙa hukumomin sayen gyada da audugar nan sun daɗe suna tauye manomi a farashi, kuma adalci ne a faɗa. Amma ni abin da na kasa haɗiyewa shi ne, yayin da ake yi mana nasihar janye tallafi, masaƙun Sharaɗa da Bompai da Challawa suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, ita Amurka ba ta fasa tallafa wa manoman audugarta daga baitulmali ba.