Ranar da Na'urar Nuna Hanya Ta Nuna wa 'Yan Sanda Hanya

A ƙarshen watan Afrilun 2011, jaridar Algemeen Dagblad ta ƙasar Holan ta buga labarin da ya tayar da hankalin direbobi: 'yan sanda na amfani da bayanan da na'urorin TomTom ke tattarawa wajen zaɓen wuraren da za su kafa kyamarorin kama masu gudu fiye da kima. Wato na'urar da mutum ya saya da kuɗinsa, ya liƙa a gilashin motarsa, ita ce ke tona asirin titin da ya fi taka wuta a kai.

Tushen al'amarin ya faro ne a watan Mayun 2000, lokacin da Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin daina gurɓata siginar GPS da gangan ga farar hula. Daga nan aka iya gane inda mota take da tazarar 'yan mitoci kaɗan. TomTom, kamfanin Amsterdam da aka kafa a 1991, ya fitar da TomTom GO a 2004, kasuwa ta buɗe masa, har a 2008 ya sayi kamfanin taswira na Tele Atlas a kan kusan Yuro biliyan 2.9. Sai dai a 2009 Google ya sanya manhajar nuna hanya kyauta a wayoyin Android. Wa zai sayi abin da ake rabawa a banza? Cinikin na'ura ya ja baya, kamfanin ya ƙara karkata ga hajar da ta taru a rumbunsa: bayanan tafiye-tafiyen miliyoyin motoci, da wuri, da lokaci, da gudu.

Ba ɓoyayyen ciniki ba ne. Ana sayar wa hukumomi bayanan a dunƙule, babu suna, domin a gano inda cunkoso yake da inda haɗari ke yawa. Amma taswirar da ke nuna inda motoci ke tafiyar hawainiya ita ce kuma ke nuna inda suke sheƙa gudu, kuma 'yan sanda sun karanta ta ta wannan fuskar. Shugaban kamfanin, Harold Goddijn, ya fito ya ba da haƙuri, ya ce ba su yi tsammanin haka ba, ya kuma yi alkawarin hana irin wannan amfani a sharuɗɗan lasisi.

Hukumar kare bayanan jama'a ta Holan ta bincika. A farkon 2012 ta bayyana cewa ba a miƙa wa 'yan sanda bayanan wani mutum guda ba, amma yardar da ake nema daga direbobi ba ta fito fili yadda doka ta tanada ba. A nan ne ƙullin yake. Babu direban da aka ci tara saboda na'urarsa ta ambaci sunansa, amma jama'ar direbobi gaba ɗaya an yi amfani da sawunsu wajen ɗana musu tarko. Dokar da aka gina domin kare mutum ɗaya ba ta da abin cewa sosai a kan wannan.

Shi kansa cire sunan ba katanga ba ce mai ƙarfi. Motar da ke kwana a ƙofar gida ɗaya kullum, ta wuni a bakin ofis ɗaya, ta riga ta faɗi mai ita. Wani bincike da aka wallafa a 2013 a kan bayanan wayoyin mutum miliyan 1.5 ya nuna cewa wurare huɗu da lokutansu sun isa a ware kashi 95 cikin ɗari na mutanen.

Abin da direbobin Holan suka ji tsoro ya tabbata a Amurka bayan shekara 13. A watan Maris na 2024, jaridar New York Times ta bayyana cewa General Motors na tura bayanan tuƙi, irin su gudu da taka birki da ƙarfi, zuwa LexisNexis da Verisk, waɗanda ke haɗa wa kamfanonin inshora rahoto. Wannan karon da sunan kowa a jiki, kuma wasu sun ce kuɗin inshorarsu ya tashi. Kamfanin ya yanke hulɗar a wannan watan, sannan a Janairun 2025 hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ta gabatar da umarnin hana shi miƙa irin waɗannan bayanai ga dillalan rahoton masu saye har tsawon shekara biyar.