Gatse da Tonon Asiri a Labaran Matasan Taiwan

Gabatarwa

Masu nazarin adabi sun yarda cewa salo ba ya faɗowa daga sama. Tarihin al'umma ne ke haifar da shi. Wannan maƙala za ta duba yadda tarihin tsibirin Taiwan ya haifar da wani irin ƙagaggen labari a kan tashin yara, wanda ke cike da gatse, yana kuma tona asirin kansa, wato marubuci ya riƙa nuna wa mai karatu cewa abin da yake karantawa ƙirƙira ce.

Tushen Al'amarin

Japan ta mallaki Taiwan daga 1895 zuwa 1945. A 1949 kuma 'yan gurguzu suka ci gwamnatin Chiang Kai-shek da yaƙi a babban yankin Sin, ya tsallako tsibirin da mutane fiye da miliyan ɗaya. A shekarar aka kafa dokar soja, wadda ta yi shekara 38 tana aiki. Cikin wannan zamani jaridu na ƙarƙashin takunkumi, ana hukunta ɗalibin da ya yi harshen gidansu a makaranta maimakon Mandarin, ana kuma koya wa yara cewa ba da daɗewa ba za a koma a ƙwato Sin. Yaran suka girma, iyayen suka tsufa, komawa ba ta yiwu ba.

A watan Yuli na 1987 aka ɗage dokar soja, a Janairun 1988 aka sakar wa jaridu mara. Sai abubuwan da aka binne suka fara fitowa, musamman kisan da sojojin gwamnati suka yi wa jama'a bayan tarzomar 28 ga Fabrairu, 1947. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Matasa suka gane cewa tarihin da suka haddace don cin jarrabawa shi ma wani ne ya tsara shi yadda yake so.

Sabon Salo

Tun kafin a ɗage dokar alamu sun bayyana. A 1985 Huang Fan ya buga wani gajeren labari mai suna "Yadda Ake Auna Faɗin Kwata", inda mai ba da labari ke yawan tsayawa yana hira da mai karatu a kan yadda yake haɗa labarin. Amma wanda ya fi shahara da salon shi ne Chang Ta-chun, haifaffen Taipei a 1957, wanda mahaifinsa mutumin lardin Shandong ne a Sin. Littafinsa "Babban Maƙaryaci" na 1989 a jarida ya fara fitowa kashi-kashi, yana ɗaukar labaran da jaridu suka buga yana cusa su cikin ƙirƙirarsa, har mai karatu ya rasa inda gaskiya ta tsaya.

Daga nan ya juya ga yara. A makarantun Taiwan akwai al'adar ɗalibi ya rubuta abin da ya faru cikin mako a wani littafi, malami ya duba ya yi sharhi. Manufar ita ce tarbiyya da sa ido. A 1992 Chang ya ari siffar wannan littafi, ya sa shi a hannun wani yaro da ake kira Chun Mai Ƙaton Kai, ya kuma sa sunan yaron a matsayin marubuci. Nan gatsen yake: yaro na rubutu kamar mai ladabi, alhali kowane shafi yana fallasa munafuncin manya. Littafin ya samu kasuwa ƙwarai.

Biyu suka biyo baya. A "Ƙanwata" na 1993, yayan yarinya ne ke ba da labarin gidansu da ke rushewa, ga shi kuma marubuci ne mai mayar da baƙin cikin danginsa kayan sana'a. A "Gagararren Yaro" na 1996, tauraron ya bar makaranta ya shiga cikin 'yan iskan gari. Michael Berry ya fassara waɗannan biyu zuwa Ingilishi a 2000.

A labarin tashin yaro irin na da, tauraro kan sha wuya, ya yi hankali, ya shiga sahun manya. A nan kuwa sahun manyan ne abin tuhuma, don haka babu inda yaron zai isa. Abin da ya koya kawai shi ne yadda ake shirya ƙarya.

Kammalawa

Wasu na ganin irin wannan salo wasa ne kurum, kuma kwaikwayon Turawa. Gaskiya ne marubutan sun karanta adabin waje. Amma da ƙasar ba ta jiƙe ba, irin ba zai tsiro ba. Mu ma mun san mai tatsuniya kan rufe da ɗora wa Gizo alhakin ƙaryarsa, don kada yara su ɗauke ta gaskiya. Marubucin da ya tashi a hannun masu ba da labari ba tare da sun amsa cewa labari ne ba, hanyar da ta rage masa ta riƙe amana ita ce ya nuna wa mai karatu ɗinkin rigar ta ciki. Darasin da ke nan ga ɗalibin adabi shi ne, duk littafin da aka miƙa masa, ko na tarihi ne, ya tambayi wanda ya rubuta shi, da dalilinsa.