Keken hawa dutse: yadda aka faro shi daga tsohon firam na bola



Duk wanda ya saba leƙa wajen masu sayar da keken gwanjo ya san akwai wani keke da ake wucewa ba a ko taya shi: fentinsa ya koɗe, bututun firam ɗinsa sirara ne, ba shi da sifirin a gaba, tayarsa inci 26. Sai mutum ya tsallake shi ya ɗauki sabo mai ƙyalli, bayan damina ɗaya ya fara kuka da shi. A ganina wancan tsohon shi ne abin saye, kuma tarihinsa ne zai nuna dalili.

Labarin ya faro ne a gundumar Marin da ke jihar Kalifoniya a Amurka, arewa da birnin San Faransisko, a gindin wani dutse mai suna Tamalpais. A farkon shekarun 1970 wasu samari, yawancinsu 'yan tseren keke a kan kwalta, suka fara sha'awar gangarowa daga dutsen ta hanyoyin burji. Keken tsere ba zai iya ba, tayarsa kamar tsinke. Sai suka koma bola da shagunan tsofaffin kaya suna neman kekunan kamfanin Schwinn na shekarun 1930 da 1940, waɗanda aka yi wa yara masu raba jarida da 'yan makaranta. Kamfanin ya fito da taya mai kauri ta inci 26 a 1933, kuma firam ɗin ƙarfe ne mai nauyi. Ana samunsu da araha ƙwarai, don babu mai so.

Abin da suka yi da su shi ne ainihin abin da bakaniken keke yake yi a nan kullum. Suka cire madigadi da murfin sarƙa da duk wani ado. Suka ɗauko kan babur mai faɗi suka ɗaura, suka sa hannun birkin babur, wasu suka ƙara giya daga keken tsere. Kowane keke haɗe-haɗe ne, babu biyu masu kama ɗaya. Suna kiransu klunker, wato kwaraɓaɓɓe.

Ranar 21 ga Oktoba 1976 aka yi tseren farko a wata gangara mai tsawon kilomita uku da 'yan kai, wadda take sauka kusan mita 400. Charlie Kelly ne ya riƙa shirya shi. Birkin tsofaffin kekunan yana cikin cibiyar tayar baya ne, irin wanda ake kamawa da mayar da feda baya. Kafin a kai ƙasa ya yi zafi har giris ɗin ciki ya ƙone yana hayaƙi, dole a kwance a sake cusa sabo. Daga nan tseren ya sami sunansa, Repack, ma'ana sake cusawa. Gary Fisher ne ya kafa tarihin sauka cikin minti 4 da daƙiƙa 22.

Matsalar ita ce firam ɗin da ya shekara arba'in yana lanƙwashewa, yana tsagewa. Kelly ya gaji da karya su, ya roƙi abokinsa Joe Breeze, wanda ya iya haɗa firam, ya ƙera masa sabo. Breeze ya auna kusurwoyin tsohon Schwinn ya bi su, amma ya yi amfani da bututun ƙarfe mai gaurayen kuromiyam da molibdinam, wanda ya fi ƙarfi kuma ya fi sauƙin nauyi. Ya gama na farko a 1977, ya ci tseren Repack a kansa, ya ƙera guda goma gaba ɗaya. Na farkon yana ajiye yanzu a gidan tarihi na Smithsonian a Washintan.

Daga nan abu ya zama kasuwa. A 1979 Tom Ritchey ya fara ƙera firam, Fisher da Kelly suna haɗa su suna sayarwa da sunan MountainBikes. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda ake ƙerawa da yawa a Japan. Zuwa 1996 tseren keken dutse ya shiga wasannin Olamfik a Atlanta.

Sai dai nasarar ce ta kashe kasuwar firam ɗin ƙarfe. Cikin shekarun 1990 alminiyam ya mamaye, sifirin ya shigo gaba da baya, daga baya aka koma taya inci 29. Miliyoyin kekunan ƙarfe da aka saya a Turai da Amurka da Japan suka koma ɗakin ajiya, wasunsu ba su taɓa ganin dutse ba. Irinsu ne kwantena take kawo mana.

Masu haɗa keke a yau suna farautar firam ɗin da aka yi daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990, kuma suna da hujja. Yana ɗaukar taya mai kauri, wadda yashi ba ya kayar da ita da wuri. Yawanci yana da ramukan ɗaura kariya da madigadi. Gidan feda na zare ne, ma'auninsa wanda aka saba da shi, don haka kayansa ba sa wuyar samu. Sannan ƙarfe in ya ɗan lanƙwashe ana miƙe shi, in ya tsage ana iya gyarawa, abin da alminiyam ba ya yarda da shi cikin sauƙi. Amma a kula, bututun mai kyau bangonsa bai kai milimita ɗaya ba a tsakiya, mai waldar ƙofa zai huda shi nan take. Gara mai waldar gas da tagulla.

In za ka saya, duba ƙaramar takardar da ke manne a bututun ƙarƙashin sirdi. In ka ga Tange ko Reynolds ko Columbus ko True Temper, ko an rubuta Cr-Mo, ka dace. Ka kwance sandar sirdi a gaban mai kayan ka tabbatar tana fita, don wadda tsatsa ta kama tana iya cinye maka yini guda. Ka leƙa cikin bututun da tocila, ka shafa ƙasan bututun da ke bayan wuyan keke: in ka ji ƙullutu ko fenti ya tattare, keken ya taɓa yin karo ta gaba, ka bar shi komai arharsa.